Tukunyar Iya Barmani da Shari'ar Birnin Buɗau

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ba ƙafa, ya ɗaga sama ya ba ido, ya halicci amana duwatsu suka ƙi ta, ɗan Adam ya ce a ɗora masa. Ku matso, 'ya'yan cikina. Tanimu, aje carbin nan, ba wa'azi na kira ka ka yi mini ba. Gwamma, bar tsinar shinkafa. Ilu, dawo nan inda zan riƙa ganin idonka.

Kun ga baƙuwar da ta sauka gidan nan shekaranjiya. Kun kuma san tukunyar tagullar da ke ƙarƙashin gadona, wadda babu ɗayanku da bai sha tsumagiya a kanta ba yana ƙarami. To, baƙuwar nan tukunyar ta zo karɓa. Tukunyar kuwa ba tawa ba ce, kuma har yau da nake muku magana ban san abin da ke cikinta ba. Ku ji yadda ta zo hannuna tukuna, kowa ya riƙe bakinsa.

Ni Tasalla na bar gida ina da shekara ashirin da 'yan kai. Mijina na fari ya rasu, ba ɗa ba gona, abin da na mallaka zane biyu ne da bakin nan da kuka sani. Na ji fatake na zancen Birnin Kwalba, can bayan Tudun Iska, inda ake narka rairayi a fitar da tsakiya, dutsen ado mai ɗaukar ido. Na ce in dai da hannu ake yi, ai ni ma ina da biyu. Na bi ayari.

Tudun Iska ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Wata shida iska na kaɗawa gabas, wata shida ta juya yamma, mutanen kuwa a kan amalanke suke tafiya, a kafa masa tabarma a tsaye, iska ta yi ta turawa. Can na ga mutanen da suka fi kowa iya riƙe fushi, don wanda ya yi zuciya da iyalinsa ya hau amalanke, ko ya huce kafin azahar, sai bayan wata shida zai ga gida.

A Birnin Kwalba na faɗa hannun wata tsohuwa, Iya Barmani, wadda duk garin aka sallama mata a sana'ar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ba ta koyarwa, amma tana neman mai shara da zuga wuta. Shekara uku ina shara ina zuga. Ko sau ɗaya ba ta ce mini ga yadda ake yi ba, ni ma ban tambaya ba. Da ido na sata, ita kuma ta riƙa matsawa gefe don idon ya samu hanya. Ranar da na fitar da tsakiyata ta fari ta juya ta a tafin hannu ta ce ta ga wadda ta fi ta muni. Yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Da ƙarfinta ya ƙare, ta kira ni ta jawo tukunyar nan. Tagulla ce, mai ƙafa uku, ɗaya ta gaza 'yan'uwanta tsawo, murfin an liƙe shi da jan kakin zuma. Ta ce tana da 'ya guda, Yalwa, wadda suka yi cacar baki shekara ashirin da suka wuce, ta bi miji Birnin Buɗau, tun daga ranar ba aike ba saƙo.

Ta ce, "Ki kai wa Yalwa, ko wanda ya fito daga cikinta. Kada ki buɗe."

Na ce, "Iya, mene ne a ciki?"

Ta ce, "'Yar nan, da ina son ki sani, ai a kwando zan zuba."

Bayan kwana tara aka yi jana'izarta. Na naɗa gammo na ɗora tukunya.

Wata bakwai na yi tana kaina. Ba gammon da ke kwana uku a ƙarƙashinta, ƙafafun nan sai sun huda shi sun iske fata. Na bi ta Dajin Ƙirya, inda birai ke tare hanya ba su barin mutum ya wuce sai ya sauke kaya sun shinshina. Na iso Gulbin Kififiya, wanda ba jirgin da ke ratsa shi, sai wasu manyan kififiyu, kowace bayanta ya kai daɓen masussuka. Ba su karɓar ladan fito. Gulma suke so. Kana ba su labarin mutane suna iyo, ka yi shiru su tsaya cak a tsakiyar ruwa. Na ga wani malami da ya shiga da tasbihi, yini guda yana tsakiyar gulbi, sai da ya tona asirin limamin garinsu sannan ya ga tudu.

Ni kuwa kun san ni, ban iya zancen mutum a bayan idonsa ba. Da tawa ta tsaya, sai na duƙa daidai kunnenta na ce tunda ita ce a gabana, nata zan faɗa. Na gaya mata bayanta ya yi gansakuka, numfashinta kamar tsohon kwatami, kuma babba da ita a ce abincinta tsegumi, abin kunya ne. Ban rufe baki ba ta tsaga ruwa kamar kibiya don ta rabu da ni. Ni na riga kowa haurewa.

Birnin Buɗau sunansa halinsa. Ba ƙyaure a ɗaki, ba murfi a tukunya, ba aljihu a riga. Suna cewa ɓoyo shi ne uwar sata, saboda haka komai nasu a sarari yake, har wanda ya ci bashin kunya kowa ya san ranar. Masu tsaron ƙofa suka ce ba a shiga da rufaffen abu: ko in fasa kakin su leƙa, ko in bar ta wajen ma'aji. Shi ma'ajin a bayan ganuwa rumbunansa suke, inda dokar murfi ba ta kai ba. Sunansa Cindo, ƙato mai tumbi, da murya mai laushi kamar man shanu a rana. Ya tarbe ni da ruwan sanyi, ya ce kakansa ma wannan aiki ya yi, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsu ba.

A nan na yi wautar da har gobe nake cizon yatsa. Ya tambaye ni abin da ke ciki, na ce ban sani ba. Ya tambaya ko tawa ce, na ce a'a, mai ita ta rasu, saƙo ne. Na nemi a kira shaidu, ya yi dariya ya ce a Buɗau ba a kiran shaida, rana ce shaidar kowa. Na yarda. Da bakina na gaya wa kura cewa akuyar ba ta da mai ita.

Kwana arba'in ina yawo cikin gari ina cigiyar Yalwa. Daga ƙarshe wata mai kitso ta ce ta san ta, amma sun tashi da mijinta tun bara waccan, sun bi masu haƙar gishiri, ba wanda ya san inda suka yada zango. Na koma wajen Cindo in ɗauki kayana in ƙara gaba.

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Na nuna masa tukunyar, ga ta nan a bakin rumbu. Ya ce ai wannan gadon kakansa ce, shekara sittin ba ta taɓa motsawa daga inda take ba. Na matsa kusa na duba. Kakin da na bari ja ne, wannan kuwa fari. Na wuce gidan alƙali.

Alƙalin Buɗau ɗan tsamurmurin tsoho ne, a fili yake shari'a ƙarƙashin wata ɗorawa, da ƙoƙon aya a gabansa yana tauna. Rabin garin ya taru, don a can shari'a ita ce wasan kallo. Aka kawo tukunya aka girke a tsakiya. Alƙali ya karanta mini dokarsu: in mutum biyu sun yi jayayya kan abu, wanda ya san cikinsa shi ke da shi. Kowa zai raɗa wa alƙali abin da ke ciki, a buɗe a gani, magana ta ƙare.

Cindo ya taka da rangwaɗa ya duƙa ya yi raɗa mai tsawo. Na ga alƙali ya daina tauna, ya dubi tukunyar, ya sake dubanta. Sannan ya yafuto ni.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, ban san cikinta ba. Kuma ban yarda a buɗe ba."

Wurin ya ɗauki dariya. Alƙali ya ce to me ya kawo ni, tunda na kayar da kaina da kaina. Na ce dokarsu ta yi daidai da garin da ba murfi, amma ni daga garin masu murfi na fito, kuma a can wanda ya san cikin ajiya shi ake fara tuhuma. Na roƙa a sake tambayar ma'aji, a gaban jama'a, ko tukunyar ta taɓa barin rumbunsa. Cindo ya ɗaga hannunsa, ashe mai yatsa shida ne, ya rantse ko taki ɗaya ba ta taɓa yi ba.

Sai na kwance ɗankwalina.

Gwamma, ke kike mini kitso, kin san wuraren nan uku da gashi ya ƙi fitowa, kin sha tambaya ina ce miki ƙuruciya ce. To, a ranar sabbi ne, jajaye, biyu masu zurfi, ɗaya bai kai su ba. Na durƙusa na ce a ɗora mini. Dogarai biyu suka ɗaga ta da nishi suka saukar a kaina, ƙafa uku suka faɗa gurbi uku kamar taɓarya a turmi. Na miƙe ban sa hannu ba. Na zaga ɗorawar nan sau biyu, na duƙa na ɗebi aya a ƙoƙon alƙali na jefa a baki.

Na ce, "Malam, a tambaye shi. Tukunyar da ba ta taɓa barin rumbun kakansa ba, yaushe ta je ta cinye mini gashi?"

Wata tsohuwa daga cikin taron ta ce a ɗora wa ma'aji shi ma a gani. Aka ɗora. Ko numfashi biyu bai yi ba ta zame ta gefen gajeruwar ƙafar, ta tafi da rawaninsa, da dogari bai tare ba da ta fasa masa yatsun ƙafa.

Amma ban gama ba. Tun da ta hau kaina wuyana ya gaya mini wani abu. Na ce wa alƙali tukunyar nan an rage ta. Ya ce ta yaya wadda ba ta san ciki ba za ta san an rage. Na ce wata bakwai wuyan nan na auna ta safe da yamma, abin da aka cire bai fi nauyin ƙwan zabo uku ba, amma an cire. Alƙali ya juya ya ƙura wa Cindo ido, yana taunar aya. Gumi ya karyo wa ma'aji. Can ya ce wataƙila wani abu ya faɗo lokacin da yake share mata ƙura.

Aka kafa tabarma, abin da ba a taɓa yi ba a Buɗau, na juya baya. Alƙali da Cindo suka shiga bayanta, aka aika rumbu aka ɗauko abin da aka ɗauko, aka mayar, aka narka kaki aka liƙe, alƙali ya danna zobensa a kai. Aka sake ɗora mini. Na yi taku uku na ce yanzu ta cika.

Cindo bai saduda ba. Ya ce to ya ji, ba tasa ba ce, amma ai ni ma na faɗa da bakina ba tawa ba ce. Mai ita ta mutu, magajiya ta ɓata. Da wane baki baƙuwa za ta ƙwaci abin da ba nata ba? A bar ta a rumbu har mai haƙƙi ya zo. Na ga maganar tana da ƙafa.

Alƙali ya tofar da ɓawon aya ya ce, "Hannun da ya ba ka shi zai karɓa. Kai ba ka san Barmani ba, ba ka san Yalwa ba, wannan matar ka sani." Ya tuɓe shi daga ma'aji nan take, ya ce a cire ƙyauren rumbunan duka. Har na fara murmushi sai ya juyo kaina. Ya ce ni ma da laifina: an ce in kai, ba a ce in ba wani ya riƙe mini ba, da na ga dokar ƙofa sai in zauna a waje in aika a nemo matar. Ya sa na rantse cewa daga ranar tukunyar ba za ta sake kwana a hannun kowa ba sai nawa, har jinin Barmani ya zo. Na so in yi musu, na duba na ga gaskiyarsa. Na rantse.

Ina fita ƙofar gari sai ga Cindo a kan ganuwa, ba rawani, yana ƙwala mini kira. Ya ce tunda na hana shi ci, shi ma zai ɓata mini tawa, bari ya gaya mini abin da ke ciki kowa ya huta. Jin abu ai rabin buɗe shi ne. Na yage bakin zanena na toshe kunnuwa biyu, na kama waƙar daka da iyakar muryata. Ina hangen bakinsa na motsi, yana nuni da hannu, yana auna girman wani abu a iska. Na kau da kai. Mutanen da ke shigowa gari suka ɗauka taɓaɓɓiya ce, suka buɗe mini hanya.

Kashegari da hantsi na hango ƙura a bayana. 'Yan'uwansa ne su huɗu a kan jiminu, don a ƙasar can jimina ake hawa, kuma ba dabbar da ke tsere mata. Allah ya sa na iso wani ƙauye da mata ke shanyar daddawa. Na ba su tsakiya guda daga cikin nawa, na kwaɓa laka da ɗanyar daddawa na shafe tukunyar har ƙafafu, na shafa saura a zanena, na zauna cikinsu ina talla. Mahayan suka tsaya suna tambayar mace mai tukunyar tagulla. Na miƙe da tukunyar a kai na nufi babbansu ina cewa ya taɓa ya ji, ta kwana tara, ba irinta a kasuwa. Jiminarsa ce ta fara yanke hukunci, ta yi baya da shi, sauran suka bi.

Shekara uku na ƙara ina bin mahaƙan gishiri daga rami zuwa rami. Inda duk na je sai a ce Yalwa ta tashi bara. Da ƙafa ta gaji na juyo gida, na kafa murhun tsakiyata, na auri ubanku, Allah ya jiƙansa. Shi ma ya yi shekara talatin yana lallashina in bari ya ɗan girgiza ta kawai, ya tafi bai samu ba.

Yanzu ga baƙuwa. Ta ce sunanta Dela, ita ce autar Yalwa, uwar ta rasu shekara biyar ke nan. Ta ce a Buɗau har yau ana ba da labarin mace mai sanƙo uku, da shi ta bi sawuna har nan. Na tambaye ta shaida. Ba ta da takarda, ba ta da wani abu na kakarta. Abin da ta ce kawai, uwarta ta san abin da tsohuwar za ta aiko, ta kuma gaya mata, in na yarda za ta faɗa a buɗe a gani. Na ce ta riƙe bakinta tukuna.

Ga inda gizo ke saƙar. Cindo ma ya san abin da ke ciki, kuma yana da 'ya'ya mata, ranar da ya hau ganuwa kuwa duk mai kunne a ƙofar gari ya ji. Na dube ta da kyau. Yatsunta biyar-biyar ne, amma ba kowane ɗa ke gadon yatsa ba. Ta ɗan yi kama da Iya wajen haɓa, sai dai idona na yau ko ku sai kun yi magana nake rarrabe ku. Jiya na ba ta tsakiyar da na fi ji da ita, ta juya ta a hannu ta ce ba laifi. Wannan rowar yabo ta gidan ce, amma da rowar yabo kaɗai ba a raba gado.

In na buɗe don in gwada ta, ta zama ta ƙarya, na karya abin da na riƙe shekara arba'in da biyar saboda 'yar ɓarawo. In na miƙa mata a rufe, ta zama ta ƙarya, na ba kura da hannuna karo na biyu. In kuwa na hana ta, alhali jinin Barmani ce, to ni ce na zauna a bakin rumbu ina cewa wace tukunya.

Na san Tanimu zai ce a kai wa alƙalin garin nan. Na je jiya da la'asar, ya ce a kawo shaidu biyu daga Birnin Kwalba, kamar Birnin Kwalba bayan masallaci yake. Ilu kuwa tun yana shekara bakwai yake son ganin ciki, saboda haka a auna maganarsa kafin a saya. Ni ba zan yanke ba. Na daɗe da tukunyar nan har ban san ko amana nake tsaro ba ko sabo, kuma mai kaya a ka ba ya ganin ƙafafun tukunyarsa.

Ayarin da ya kawo ta zai juya ranar Alhamis. Ku uku ku je ku zauna da ita, ku tambaye ta abin da ni ban iya tambaya ba, ku yi gardamarku a can, ku dawo mini da magana guda. Abin da kuka yanke shi zan yi, ko ya yi mini daɗi ko bai yi ba. Abu ɗaya na roƙe ku: kada ku bari a ɗauke ni daga gadon nan da kayan mutane a ƙarƙashinsa.